Bayi Ba Su da Maroƙa

A Daura, ko yaro ya san labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu. Amma da an tambayi labarin mutanen da mahara suka kwashe a ƙarni na 19, zamanin da Zango da Baure ke ƙarƙashin Damagaram, sai baki ya yi nauyi. Maroƙa sun adana sunayen sarakuna. Bayi kuwa ba su da maroƙa.

Turai ta sha fama da irin wannan bayan yaƙin duniya na biyu. Primo Levi, Bayahuden Italiya da ya tsira daga sansanin Auschwitz, ya buga abin da idonsa ya gani a 1947. Imre Kertész na Hungary shi ma ya fito da rai, amma ya zuba nasa cikin ƙagaggen labari a 1975, har ya ci kyautar Nobel a 2002, ba wanda ya ce ya yi ƙarya. Wanda ya jawo wa kansa zagi shi ne Binjamin Wilkomirski: ya fitar da littafi a 1995 da sunan tarihin ƙuruciyarsa a sansani, a 1998 asiri ya tonu cewa bai taɓa zama can ba. Laifinsa shi ne sayar da ƙage da sunan shaida.

Hausa ma tana da mai shaida. Dorugu ɗan ƙauyen Dambanas ne a ƙasar Damagaram, maƙwabciyar Daura ta arewa. An kama shi yana yaro, aka kai shi Kukawa, inda Bajamushe Adolf Overweg ya 'yanta shi. Ya bi matafiyi Heinrich Barth har Tambutu, ya isa Ingila a 1855. A can ne ɗan mishan J. F. Schön ya rubuta labarinsa da Hausa, wanda ya fito cikin Magana Hausa a 1885. Shaida ce ta gaske, amma alƙalamin na wani ne, kuma Schön harshen yake nema. Haka labarin Baba ta Karo: bakinta ne, rubutun Mary Smith, aka buga da Turanci a 1954.

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi ta ɗaya hanyar. Littafinsa Shaihu Umar, wanda ya fito a 1934, ƙage ne, bai kuma ɓoye haka ba. Duk da haka, uwar da ta ratsa Sahara tana neman ɗanta ta koya wa ɗalibai zafin bauta fiye da darasin tarihi.

Har yanzu akwai tsofaffi a Zango, Baure da Mai'aduwa da suka ji labarin kamun bayi daga bakin kakanninsu. Ɗaliban Kwalejin Yusuf Bala Usman da ke Daura su je su naɗi muryoyinsu da waya, tare da yardarsu, su rubuta wa ya faɗa, daga wa ya ji.