Puwaro ba albasa ba ne: yadda ake renonsa da dasa shi a lambun gida

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, idan ɗari ya shigo, muna ganin wani ganye ɗaure dami-dami kusa da karoti da shu da salati. Ganyensa kore ne mai faɗi, wuyansa fari ne dogo, yana da ƙamshin albasa amma ba shi da kai. Masu lambu suna kiran sa puwaro, daga sunansa na Faransanci. Ba baƙo ba ne a duniya. Mutanen Masar sun noma shi tun zamanin Fir'auna, kuma malamanmu sun san shi cikin littattafan hadisi da sunan kurrasu, inda aka haɗa shi da albasa da tafarnuwa saboda warinsu idan an ci su ɗanye.

Tun bayan farin 1984, da hukuma ta yi kira ga noman rani, kayan lambu da yawa sun shiga gidajenmu. Puwaro kuwa har yanzu ya fi zama a lambunan bakin birni. Da yawa sun gwada shi, sun samu sirara kamar tsintsiya, sun ce ƙasarmu ba ta karɓe shi ba. Mu a ganinmu ba laifin ƙasa ba ne. Mu mutanen albasa ne, ƴar Galmi ta kai sunanmu har Abijan da Akara, saboda haka hannunmu ya saba da ita. Ita albasa kai ake nema, ana dasa ta sama-sama don kan ya samu wurin buɗewa. Puwaro wuya ake nema, kuma wuyan ba ya yin fari da tsawo sai cikin ƙasa. Wanda ya dasa puwaro kamar yadda yake dasa albasa ya yi asarar kuɗin iri da ruwan wata biyar.

Lissafin lokaci

Puwaro ɗan sanyi ne, kuma ba ya gaggawa. Yana yin kwana 50 zuwa 60 a wurin reno. Bayan dashe yana buƙatar wata 3 zuwa 4 kafin ya isa cira. Idan muka haɗa, wata 5 ne zuwa 6. Sanyinmu kuwa gajere ne. Zuwa watan Afirilu zafin rana yana wuce digiri 40, ruwan rijiya yana ja da baya, guga yana ƙara nisa.

Saboda haka daga baya ake fara ƙidaya. Wanda ya zuba iri a ƙarshen Oktoba zai dasa wajen ƙarshen Disamba, ya fara cira a ƙarshen Maris. Wanda ya bari sai Janairu zai dasa cikin Maris, tsironsa yana ƙarami bazara za ta same shi. Mun sani ƙarshen Oktoba lokacin aikin kaka ne, ana ɗaurin hatsi ana roron wake, ba kowa ke da sukunin lambu ba. Amma wurin renon puwaro bai wuce faɗin tabarmar salla ba. Uwargida ko yaro mai hankali yana iya kula da shi a bayan ɗaki.

Iri

Irin puwaro baƙi ne ƙanana, kamar na albasa. A nan ma akwai bambanci. Albasarmu tana yin fure, manomi yana ɗebe irinsa da kansa. Puwaro ba ya yin fure sai ya sha sanyi mai tsanani na tsawon lokaci, irin wanda babu shi a fadamunmu. Don haka irinsa saye ake yi, cikin ƴar takarda ko gwangwani, daga ƙasashen waje. Daga cikin waɗanda aka fi sayarwa a Afirka ta Yamma akwai wanda aka rubuta wa Gros long d'été, wanda ya fi jure zafi, da kuma Carentan, mai gajeren wuya mai kauri.

Irin wannan dangi ba ya daɗewa. Bayan shekara ɗaya ko biyu ƙarfinsa yana raguwa, balle idan ya kwana ya wuni a kan tebur cikin rana. A nan karatunmu yake da amfani: kafin mu ba da kuɗi, mu juya takardar mu duba shekarar da aka rubuta. Idan akwai shakka, a ƙirga ƙwaya 10, a naɗe su cikin tsumma mai laima, a ajiye a inuwa kusa da randa, ana yayyafa ruwa kullum. Bayan sati biyu a buɗe. Idan 7 ko fiye sun tsira, irin yana da kyau. Idan 3 ne ko 4, kada a ɓata wuri da shi.

Garam ɗaya yana da ƙwaya wajen 350. Cokalin shayi ɗaya ya ishi lambun gida har da saura.

Wurin reno

A zaɓi wuri kusa da ruwa, inda ba a yi albasa ko tafarnuwa ba cikin shekara 3 da suka wuce, domin cututtukansu ɗaya ne kuma suna kwana cikin ƙasa. A kafta ƙasa zurfin taƙi ɗaya, a farfasa ɓurɓushi, a tsince duwatsu da saiwoyi. A zuba taki wanda ya ruɓe sarai, bokiti ɗaya ga kowace mita ɗaya tsawo da faɗi, a gauraya. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona ƙananan saiwoyi, yana kuma kawo tsutsa da irin ciyawa.

Kada a watsa iri kamar yadda ake watsa na alayyafo. A ja layi da tsinke, zurfin santimita 1, tsakanin layi da layi faɗin tafin hannu, wato santimita 10. A zuba iri a hankali, ƙwaya nesa da ƙwaya kaɗan. A rufe da ƙasa mai laushi, a danna da tafin hannu, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa marar iri a bisa, sannan a ba da ruwa. Ciyawar tana hana ruwa tone iri, tana kuma riƙe laima.

Ƙarshen Oktoba har yanzu rana tana da ƙarfi, kuma irin puwaro ba ya tsira da kyau cikin ƙasa mai zafi. A kafa ƴar rumfa ta karan hatsi, tsayinta kamu biyu, wadda rana ke ɗan ratsawa. A riƙa ba da ruwa safe da marece da arozuwar mai ƙananan huji. Cikin kwana 10 zuwa 15 za a ga tsiro ya leƙo a lanƙwashe kamar zare. Ran nan a ɗauke ciyawar. Idan aka bar ta, tsiron yana yin fari ya yi rauni, gara kuma tana samun wurin zama. Rumfar ma a riƙa rage karanta sannu-sannu, har a ɗauke ta gaba ɗaya bayan sati biyu ko uku.

Inda tsiro ya cunkushe a rage shi, a bar faɗin yatsa ɗaya tsakani. Mutane suna jin ciwon wannan aiki, suna ganin ɓarna ce. Amma tsiron da ya taso cikin matsi ba ya kauri, kuma cikin matsi da yawan ruwa ne ake samun cutar da ke ruɓar da gindi, mutum ya wayi gari ya tarar layi ya kwanta. A cire ciyawa da hannu tun tana ƙarama, domin puwaro ba ya iya kokawa da ita. Kaji da ƙadangaru kuwa, sai shinge.

Ranar dashe

Ba kwanaki kaɗai ake dubawa ba, a dubi tsiron. Ya isa dashe idan tsayinsa ya kai taƙi ɗaya, kaurinsa kuma ya kusa na alƙalamin da muke rubutu da shi a ajin yaƙi da jahilci. Wanda bai wuce kaurin tsinken tsintsiya ba a ƙara masa kwanaki.

Kafin ranar, a shirya fangali: faɗi mita 1, tsawo mita 5, an kafta shi da zurfi, an ba shi ruɓaɓɓen taki sosai, domin puwaro maci ne. A ja kwari huɗu bisa tsawon fangalin, tsakaninsu santimita 25, zurfin kowane santimita 10 zuwa 15. Ƙasar da aka fitar a bar ta gefe, za ta yi aiki nan gaba.

Da safe a shayar da wurin reno sosai don ƙasa ta saki. Dashen kansa sai da la'asar, rana ta yi sanyi. A sa hauya ko wuƙa ƙarƙashin layi a ɗaga, kada a fizga da hannu. A ware manya daban, matsakaita daban, kowane da layinsa, don kada babba ya danne ƙarami. Masu rauni da masu tabo a kai su tukunyar miya.

Sai a yi wa tsiro aski. A riƙe ƴan kaɗan a hannu, a datse saiwoyi da wuƙa mai kaifi, a bar tsawon santimita 2 zuwa 3. A datse kashi ɗaya cikin uku na ganye daga sama. Doguwar saiwa tana lanƙwashewa cikin rami ta dubi sama, tsiro ya daɗe bai kama ba. Ganye mai yawa kuma yana zubar da ruwan jiki cikin busasshiyar iskar ɗari, alhali saiwa ba ta fara sha ba. Wasu masu lambu suna dama laka da tsohon kashin shanu da ruwa, kaurin kunu, su tsoma saiwoyin kafin su dasa. Dabara ce mai kyau, tana hana saiwa bushewa.

A cikin gindin kwarin ake dasawa. A huda rami da sanda, a sa tsiro a tsaye, a nutsar da shi har kusa da inda ganye ya fara rabuwa. Amma kada ƙasa ta rufe wannan mararraba, domin daga nan sabon ganye yake fitowa. Tsakanin tsiro da tsiro santimita 10. Da wannan lissafi kowane layi yana ɗaukar 50, fangali ɗaya 200. A danna ƙasa kaɗan, a ba da ruwa nan take. Washegari za a ga sun kwanta kamar sun mutu. Kada hankali ya tashi, cikin sati ɗaya za su miƙe.

Huɗa da ruwa

Sati uku ko huɗu bayan dashe, idan tsiro ya kama ya fara sabon ganye, a fara mayar da ƙasar nan ta gefe cikin kwari, kaɗan-kaɗan. Bayan sati uku a ƙara. Idan kwari ya cika, a ci gaba da tara ƙasa a gindi kamar huɗar rogo. Duk inda ƙasa ta rufe, rana ba ta gani, wurin yana yin fari da taushi. Wannan farin shi mai saye yake aunawa da ido. A yi huɗa ƙasa tana da ɗan sanyin laima, ba tana caɓi ba, kuma a kiyaye kada ta zuba cikin tsakiyar ganye.

Saiwar puwaro ba ta nisa, ba ya jure ƙishirwa. Arozuwar mai lita 10 tana isar wajen mita 2 na fangali a rana, a jigawa kuwa sai an ƙara. Idan ya sha ƙishirwa yana yin tauri da zare. Ruwan kwata da na bayan gida ba na lambu ba ne, suna kawo zawo da tsutsar ciki.

Babban abokin gabansa shi ne na albasa: wasu ƙwari ƙanana ƙwarai da ke ɓuya a mararrabar ganye suna tsotsa, ganye ya yi tabo fari-fari kamar an watsa toka. Suna yawaita idan zafi ya fara. A daka ƙwayar ƴaƴan bedi, a jiƙa rabin kilo cikin lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da marece har cikin mararraba, sau ɗaya a sati. Wanda zai sa maganin kanti ya nemi shawarar malamin gona, ya karanta kwanakin da aka ce a jira kafin a ci. Maganin auduga ba ya hawa kan abin miya.

Daga lambu zuwa tukunya

Alherin puwaro ga mai gida shi ne ba ya nuna rana ɗaya kamar tumatir. Idan ya kai kaurin babban yatsa ana iya fara cira, biyu yau uku gobe, sauran suna ci gaba da girma. A sassauta ƙasa da hauya kafin a ja, don kada wuya ya tsinke.

Saboda huɗa, ƙasa tana shiga tsakanin ganye. A tsaga shi biyu bisa tsawo, a wanke da ruwa mai tsabta ganye bayan ganye. Yana shiga miya, da romo, da dafa-duka, kuma idan ya dahu warinsa yana tafiya, ya bar ɗan zaƙi da yara ba sa ƙi. Yana da sinadarin folat da mai ciki ke buƙata don jininta da ginin jikin jariri, yana kuma sauƙaƙa fitar bayan gida. Koren ganyen da wasu ke yarwa ya fi farin yawan bitamin. A yanka shi ƙanana a zuba a miya dab da saukewa. Idan ya yi yawa a shanya shi a inuwa, kamar yadda matan Adar ke yin gabu da ganyen albasa, a ajiye cikin gwangwani mai murfi don miyar bazara.