Ba Ciwon So Ba Ne: Abin Da Ya Mayar Da Ni Aji

Na san da yawa daga cikinku kuna ta cigiyar ci gaban littafina, har wasu sun fara cewa ko aure aka yi mini maigidan ya hana rubutu. To ba aure ba ne, makaranta na koma, kuma karatun da na sa a gaba shi ne na kula da manyan mutane masu fama da ciwon damuwa da na fargaba. Yau kam ba ƙagaggen labari zan ba ku ba, sai dai ku yi haƙuri da ni.

Mu marubuta littattafan soyayya akwai wani laifi da muka daɗe muna yi. Za ka ga an raba yarinya da masoyinta, ta daina cin abinci, ta rame ta lalace, a kwashe ta sai asibiti, likita ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, a ba ta abin da take so, in ba haka ba za ku rasa ta." Shafi biyu a gaba an ɗaura aure, yarinya ta miƙe garau kamar ba ta taɓa kwanciya ba. Ni kaina na rubuta haka har sau biyu, kuma kun saya kun yaba.

Sai da abin ya shigo gidanmu na gane shirme nake yi. Auren Yayata ya mutu, ta dawo gida da 'ya'ya biyu. Da farko mun ɗauka baƙin cikin saki ne, zai wuce. Amma sai wata ya bi wata. Mace mai tsafta da kwalliya ta koma sai an yi da gaske take wanka. Ƙarfe uku na dare idonta biyu, ta zuba wa rufin ɗaki ido. Abinci cokali biyu ta ture. 'Yarta ta zo da wasa, ko kallonta ba ta yi. Wani lokaci kuma sai ƙirjinta ya kama bugawa, gumi ya keto mata, numfashi ya yi sama-sama, ta riƙe hannun Inna tana cewa mutuwa za ta yi. Dangi kowa da tasa: wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce iska ce, wata gwaggonmu kuwa cewa ta yi rashin tawakkali ne kawai. An yi hayaƙi, an sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, an yi ƙarin ruwa ba adadi. Daga baya mijin ya zo biko, manya suka shiga tsakani, ta koma ɗakinta. Wallahi a raina na ce shi ke nan, littafi ya zo ƙarshe. Bayan sati biyar aka dawo mana da ita, ta fi da lalacewa.

Wata ƙawar Inna ce, tsohuwar nas da ta yi aiki a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa, Allah Ya kawo ta dubiya. Ta kore mu daga ɗakin, ni kuwa da son jin ƙwaƙwaf irin na marubuta na laɓe a bakin ƙofa. Ban ji ta yi wa'azi ba, ban ji ta ce "ki yi haƙuri" ba. Tambaya take yi a hankali, sannan ta yi shiru mai tsawo. Can na ji ta ce, "'Yata, kin taɓa jin gara ma a ce ba kya duniyar?" Gabana ya faɗi. Sai na ji Yaya ta fashe da wani irin kuka, ta ce, "Kullum, Anti. Kullum."

Da ta fito na tare ta, na ce, "Haba Anti, ai sai ki sa mata tunanin a zuciya." Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, tunanin yana ciki tun ban zo ba. Tambaya ba ta saka shi, ƙofa take buɗe masa ya fito." Yanzu da nake karatun na ga haka abin yake, ana koya mana mu yi wannan tambaya kai tsaye ba da kwana-kwana ba. Ita ce ta raka mu wajen likitan ƙwaƙwalwa, aka ɗora Yaya kan magani, ita kuma ta riƙa zuwa duk Asabar suna zama.

To jama'a, wannan ciwo ba na gidanmu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa a duniya, masu ciwon fargaba kuwa miliyan 301, kuma mata sun fi maza yawa a cikinsu. A nan Nijeriya, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta bayyana a 2022 cewa likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Ina za su kai? Shi ya sa wasu 'yan'uwanmu mata suka riƙa neman sauƙin zuciya a kwalbar maganin tari, har gwamnati ta hana haɗawa da shigo da mai kodin a ciki a 2018. An hana kwalba, amma abin da ya kai su ga kwalbar yana nan.

Hanyoyin shiga wannan aiki suna da yawa. Akwai ta likitanci, mai tsawo, sai an gama digirin likita sannan a ƙware. Akwai ta karatun halayyar ɗan'adam a jami'a, a ɗora da digiri na biyu kafin a fara ganin marasa lafiya. Akwai ta jami'an lafiya na matakin farko da ake horarwa a makarantun fasahar kiwon lafiya, su ne muke tararwa a ƙananan asibitocin unguwa da ƙauye. Ni dai ta jinya na bi. Sharaɗinta shi ne kiredit biyar, Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, a zama ɗaya ko biyu na WAEC ko NECO. Ni kuwa da na bar sakandare Kemistiri ya kayar da ni warwas, domin lokacin da ake koyar da shi ina bayan aji ina rubuta wa ƙawaye wasiƙun soyayya. Haka na cire girman kai na sake zama jarrabawa da sa'o'in ƙanwata. In mutum ya gama jinya ya samu lasisi, sai ya ƙara kwas na musamman kan lafiyar ƙwaƙwalwa, irin wanda ake yi a makarantun da ke haɗe da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, kamar na Barnawa a Kaduna da na Aro a Abeokuta. Can nake hari in Allah Ya so.

Abin da ya fi ba ni wuya a karatun ba sunayen magunguna ba ne, yin shiru ne. Mu Hausawa da mutum ya fara faɗin damuwarsa sai mu tare shi da nasiha, kafin ya kai aya mun ba shi labarin wadda ta fi shi shiga uku. A aji sai a haɗa mu biyu-biyu, ɗaya ta yi magana, ɗaya ta saurara ba katsewa, ba "ai da ni ce". Ranar farko ko minti ɗaya ban yi ba na tsoma baki. Sannan a koya miki rarrabewa: baƙin ciki na rashi ko na saki daban, ciwon damuwa daban. Shi ciwon sai ya kai aƙalla sati biyu mutum yana cikin ƙunci ko ya daina jin daɗin komai kusan kullum, har ya taɓa barci da ci da aikinsa. Akwai wata takarda mai tambayoyi tara da ake bi a auna nauyinsa. Kuma dole a duba jiki, domin ƙarancin jini ko matsalar maƙoƙo kan zo da kama irin tasa.

Ana koya mana yadda za a zaunar da mai fargaba ya riƙa jan numfashi a hankali har bugun ƙirjin ya lafa, a fahimtar da shi cewa wannan bugu ba ajali ba ne. Mai damuwa kuma ba a ce masa ya tashi ya ware, ƙaramin aiki ake tsara masa, yau share tsakar gida, jibi leƙa maƙwabciya, domin zaman ɗaki shi ke ciyar da ciwon. Maganin asibiti yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin aikinsa, kuma ba a yanke shi don an ji sauƙi, sai likita ya ce. Nan ne masu jinya a gida suka fi yin kuskure. Ga riƙon sirri, wanda ni a ganina ya fi komai nauyi a garin da ko tari ka yi sai an ji a gidan biki. Ga kuma sanin iyaka: in mutum yana maganar halaka kansa, ba a barinsa shi kaɗai, ba a kuma tsayawa gwaninta, gaba ake miƙa shi nan take.

Wani abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne sanin cewa ba daga Turai kaɗai aka san wannan aiki ba. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye a Aro, kowane tare da ɗan'uwansa, maimakon a kulle su. A Zimbabuwe kuma Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, kakanni irin namu, suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa, suna taya su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya a zama shida. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna bayan wata shida kashi 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka zauna a bencin suka rage da alamun ciwon, alhali a ɗaya rukunin kashi 50 ne. Amma fa ku lura, horar da su aka yi, kuma akwai masu duba aikinsu. Ba tsufa kaɗai ba ne. Mu ma nan a farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Ba zan ɓoye muku ba, na sha magana. Gwaggon nan tamu ta zo har ɗaki ta ce wa Inna, "Wa zai auri mai aikin gidan mahaukata? Ai shafar mutum abin yake yi." Inna ba ta tanka ba. Yaya ce, wadda a lokacin ta fara komawa kan keken ɗinkinta, ta ɗago kai ta ce, "Gwaggo, ni ma fa can aka kai ni." Ɗakin ya yi tsit.

Har yanzu Yaya tana shan magani, wata ranar da daɗi wata ranar babu. Daren jiya ina bitar darasi ta shigo ta zauna a bakin gado, ta ce zuciyarta ba daɗi yau. Bakina ya cika da nasiha fal, na haɗiye ta, na rufe littafin na ce, "Ina jin ki, Yaya." Sai wajen ƙarfe ɗaya ta tashi ta tafi ta kwanta, ni kuma na koma kan karatuna, domin ranar Litinin muna da jarrabawa.