Noman Gauta Cikin Bokiti Da Buhu A Wulari

Masu karatu da suka manyanta za su tuna shekarar 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin Operation Feed the Nation, aka yi ta kira ga kowane magidanci ya nome ɗan filin da ke bayan gidansa. A wancan zamani fili bai yi wa mutanen Maiduguri wuya ba. Yanzu kuwa gari ya cika ya batse, domin tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya raba dubban manoma da gonakinsu. Unguwar Wulari tana daga cikin wuraren da suka karɓi waɗanda suka gudo, musamman bayan da Gwoza ta faɗa hannun mahara a 2014. Mutumin da ya saba cika rumbu, ga shi a ɗakin haya, ko barkono sai ya saya.

Fita daji noma kuma sayar da rai ne. Ba a manta da manoman shinkafa na Zabarmari da aka kashe a Koshebe cikin Nuwamba 2020 ba. Sa'an nan a Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday da wasu unguwanni, ya kuma lalata lambunan bakin kogin Ngadda inda ake samun kayan miya. Saboda haka duk dabarar da za ta kawo kayan miya cikin gida abin dubawa ce, kuma gauta yana daga cikin shuke-shuken da suka fi yarda da zaman bokiti.

Gauta iri-iri ne. Akwai yalo, fari ko mai ratsin kore, wanda ake ci ɗanye, akwai ɗata mai ɗaci, akwai kuma wanda Barebari ke kira gorongo, wanda har ganyensa ana miya da shi. Waɗannan duk 'yan asalin Afirka ne. Babban nan mai launin shunayya kuwa daga wajen Indiya ya samo asali, kuma ya fi cin wuri da ruwa. Ga mai farawa, yalo ya fi sauƙi, kuma ba ya rasa mai saye. 'Yan'uwanmu mazauna Agege da Sabo ta Ibadan sun san darajarsa a Kudu, inda Ibo ke tarbar baƙo da shi tare da markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai yaji.

Abu na farko shi ne mazubi. A nemi bokiti mai cin lita 20, ko jarkar mangyaɗa da aka yanke bakinta, ko buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa zuwa rabi. Tushe ɗaya tak ake sa wa kowanne, domin in an haɗa biyu za su yi ta ƙwacen abinci, a tashi babu 'ya'yan kirki. A huda gindin bokiti wuri 5 ko 6 da ƙusa mai zafi don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Kada a yi amfani da mazubin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko baƙin mai. Buhu ya fi araha kuma ba ya ɗaukar zafi kamar baƙin bokiti, sai dai ranar Maiduguri takan cinye shi cikin shekara guda.

Na biyu ƙasa. Ƙasar cikin gari yashi ce, ba ta riƙe ruwa, baƙar ƙasar firgi kuwa takan daskare kamar dutse in ta bushe. Sai a haɗa kashi biyu na ƙasar sama da kashi ɗaya na takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, yana ƙona saiwa. A guji ƙasar bakin kwata, da wadda aka noma tumatur ko tattasai ko attarugu a cikinta, domin danginsu ɗaya da gauta, cutar da ke sa saiwarsu kumburi ita ma takan kama shi.

Ana fara yafa iri a tsohon kwano, a rufe da ƙasa kaɗan, a ajiye a inuwa ana yayyafi. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai tsiro. In ya yi mako 5 ko 6, ya fitar da ganye 4 zuwa 6, sai a dasa shi da yamma, a ba shi ruwa ya ƙoshi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina a watan Yuni, ko kuwa watan Oktoba bayan ɗaukewar ruwa. Wanda ya dasa a Fabrairu zai sa furensa ya gamu da zafin Afrilu, lokacin da awon zafi ke haura 40, fure ya yi ta kakkaɓewa ba ɗa. Gauta yana son rana kamar awa 6 a yini, amma a bazara a matsar da shi inda zai sha hantsi ya tsira daga ranar azahar. Wannan ita ce fa'idar bokiti a kan gona, ana iya ɗaga shi. Haka nan da damina sai a ɗora shi bisa bulo don kada ruwan tsakar gida ya shige shi.

Batun ruwa shi ne ke karya gwiwar mutane, tun da yawancin gidaje daga 'yan ga-ruwa suke saye. Tushe ɗaya yakan sha lita 1 zuwa 2 a yini lokacin sanyi, ninkin haka da zafi, safe da yamma. Ruwan wankin shinkafa da na ganye ya wadatar, amma ban da mai omo ko gishiri. In aka shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa a saman ƙasar, danshi zai daɗe. Duk bayan mako 3 a ƙara tafi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, a kuma kafa sanda a ɗaure tushen saboda iska da nauyin 'ya'ya.

Abokan gabansa su ne darɓa, da farin ƙuda, da wasu mitsi-mitsin jajayen ƙwari masu saƙa yana a bayan ganye lokacin hunturu. Maganinsu yana bakin titi, watau dogon yaro, itacen da ya yi wa Maiduguri inuwa tun zamanin Turawa. A daka 'ya'yansa busassu tafi biyu, a jiƙa cikin lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a fesa da yamma har bayan ganye, mako-mako. Wannan ya fi maganin kanti aminci a gidan da yara ke wasa. Akuya kuwa maganinta shinge.

Bayan dashe da wata 2 zuwa 3 za a fara tsinka, kuma muddin ana tsinka kafin 'ya'yan su yi ja, tushen zai ci gaba da bayarwa har watanni. Bokiti 5 ko 6 ba za su maye gurbin gonar da aka baro ba, amma za su rage kuɗin cefane, su kuma sa hannun manomi kada ya manta aikinsa. A bar ɗa ɗaya mai kyau ya nuna sosai don iri na gaba, a raba wa maƙwabta. Ɗan haya kuma ya nemi yardar mai gida tukuna, ya kula kada ruwan bokiti ya jiƙa gindin katanga.

Muna fatan Ma'aikatar Gona ta Jihar Barno da malaman gona na Jami'ar Maiduguri za su riƙa samar da dashe mai kyau a unguwanni cikin farashi mai sauƙi, domin samun iri nagari shi ne abin da ya fi gagarar mai farawa.