Fargabar Shiga Jama'a a Zamanin Wayar Salula: Darasi Daga Bagudo

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana Jihar Kebbi, Kogin Kwara ya ratsa ta, tana kuma iyaka da Jamhuriyar Benin. Garuruwanta irin su Illo da Lolo da Tsamiya sun daɗe da zama mahaɗar fatake, inda ake jin Hausa da Fulatanci da Dandanci, a ƙetare kuma ga Faransanci. A irin wannan wuri, jarin matashi na farko shi ne iya tsayawa gaban baƙo, su gaisa, a yi tayi, a ce albarka, har a kai ga sallamawa.

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sannan WhatsApp ya ɓullo a 2009, magana ta sami sabuwar hanya. Daga Tsamiya ana iya aika saƙon murya zuwa Segbana ba tare da an taka iyaka ba. Babu shakka wannan ci gaba ne. Sai dai kuma ga matashin da ke fargabar mutane, waya tana iya zama maɓoya.

Kunya daban, cuta daban

Sanin kowa ne kunya ado ce a wurin Bahaushe da Bafillace. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba tarbiyya ya nuna. Amma akwai fargabar da ta wuce kunya, wadda likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka ware a matsayin cuta mai zaman kanta a 1980. Yawanci tana somawa ne a wajen shekara 13. Mai ita yakan ji kamar kowa jira yake ya yi kuskure a yi masa dariya. Ya san amsa amma ba ya ɗaga hannu a aji, a aike shi kasuwa ya ƙirƙiro ciwon kai.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu mai suna amigdala, wanda aikinsa gadi ne. Da ya hango haɗari sai ya sa a zubo sinadarin adiranalin cikin jini: zuciya ta riƙa dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, baki ya bushe. Wannan shiri yana da amfani ga wanda ya yi kiciɓis da maciji a fadama. Matsalar ita ce, a jikin mai wannan fargaba, mai gadin yana ɗaukar idon mutane tamkar maciji.

Inda waya ta shigo

A 1995 masana biyu, David Clark da Adrian Wells, sun bayyana cewa kauce wa abin tsoro shi ke raya tsoron. Duk lokacin da mutum ya guje wa taro sai ya ji sanyi a ransa, ƙwaƙwalwa kuma ta ɗauka gudun ne ya cece shi. To, saƙon murya ana iya goge shi a sake ɗauka sau goma, amma gaisuwar ido da ido ba ta da gogewa. Wanda ya saba da na farko, na biyu sai ya ƙara yi masa nauyi.

Bugu da ƙari, akwai gwada kai da wasu, ɗabi'ar da Leon Festinger ya yi bayaninta tun 1954. A Facebook da TikTok ba mai nuna ranar da ya kwana da yunwa, sai ranar kwalliya. Ɗalibi a Ka'oje yana auna rayuwarsa duka da zaɓaɓɓun hotunan wasu, ya ga kamar shi kaɗai aka bari a baya.

A 2023 babban jami'in lafiya na Amurka, Vivek Murthy, ya yi gargaɗin cewa matasan da ke wuce awa 3 a rana a waɗannan kafafe, haɗarin kamuwarsu da damuwa da fargaba yana ninkawa. Duk da haka, binciken Amy Orben da Andrew Przybylski na 2019 ya nuna tasirin na'urori a kan walwalar matasa gaba ɗaya ƙarami ne. Wato ba waya ce ke haddasa wa kowa cuta ba. Abin dubawa shi ne wa ke riƙe da ita, kuma me ta hana shi yi.

Mafita

Da farko, a ƙayyade lokaci. A Jami'ar Pennsylvania, a 2018, an gwada ɗalibai 143, aka taƙaita wa wasunsu amfani da kafafen zuwa minti 30 a rana har mako 3, sai kaɗaici da ƙuncin ransu suka ragu.

Na biyu, a tunkari tsoron sannu a hankali. Yau a gai da maƙwabci, gobe a sayo albasa a yi ciniki, jibi a yi tambaya a aji. Idan gaba ya faɗi, a ja numfashi a sake shi a hankali, domin hakan yana rage gudun zuciya. Da maimaitawa ne amigdala ke koyon cewa babu maciji.

Na uku, a tuna mutane ba su lura kamar yadda ake zato. A wani gwaji da Thomas Gilovich ya wallafa a 2000, ɗaliban da aka sa wa riga mai ban kunya sun zaci kusan rabin mutane sun lura, alhali kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai.

Su kuwa malamai, kada su mai da shirun ɗalibi abin dariya. A fara saka shi cikin rukunin mutum uku ko huɗu kafin a tsayar da shi gaban aji. Idan fargabar ta kai wata 6 tana hana karatu ko sana'a, a ga likita, domin tana da magani. Akwai ƙwararru a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato.

A ƙarshe, waya tana ƙetare iyakar Benin cikin ƙiftawar ido, amma ba za ta ƙetare wa matashi tazarar da ke tsakaninsa da ƙofar maƙwabci ba. Wannan kam sai da ƙafarsa, domin Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.