FASHIN BAƘI: Abincin da ke iya bin iyali idan ƙaura ta kama a Mafara, Bakura da Maradun

Ƙananan hukumomin Talata Mafara, Bakura da Maradun su ne ke shan ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato. Daga filayen noman ranin yankin ake samun shinkafa, tumatir, albasa, tattasai da dankali. Sai dai kuma yankin na cikin wuraren da hare-haren 'yan bindiga suka tilasta wa iyalai barin ƙauyukansu zuwa manyan garuruwa, wasu har Gusau ko Sakkwato.

Idan ana lissafin asarar ƙaura, akan ƙirga rayuka, dabbobi da rumbunan da aka ƙone. Ba kasafai ake tuna abincin da ya ruɓe a hanya ko aka bari a gona ba, alhali shi ne ke raba iyalin da za su ci tuwo da miya a makon farko da waɗanda za su jira tallafi.

Me ke fara lalacewa?

Zafi ne abokin gaba na farko. Daga Maris zuwa Mayu, yakan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyos a wannan yanki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a bar dafaffen abinci fiye da awa biyu ba tare da sanyi ko wuta ba, domin ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. Saboda haka miya, dafaffiyar shinkafa, ɗanyen nama da kifi su ne kan gaba wajen lalacewa. Madara na bin bayansu, ko da yake nonon da ya yi tsami ya fi ta jure hanya.

Tumatir kuwa matsi da girgiza ke kashe shi. A dogon kwando, na ƙasa ne ke ɗaukar nauyin na sama, kuma da zarar ɗaya ya fashe sai ruwansa ya ruɓar da na kusa da shi. Albasa da dankali sun fi daɗewa, muddin ba a kulle su cikin leda ba, don gumi ke jawo musu ruɓa.

Yadda ake shirya kayan idan akwai lokaci

Iyalin da suka samu kwanaki kafin tashi suna da dabarun da suka gada. Ana yanka tumatir a shanya shi ya zama kauɗa, haka ma kuɓewa da tattasai. Nama a soya shi ya bushe ƙarau, ko a yi kilishi. Man shanu idan an soya shi yakan yi watanni. Kuka, daddawa da barkono dama ba su tsoron tafiya.

Abin da dole a ɗauka ɗanye, a tsince wanda ya fara laushi a ci shi tukuna. Tumatir a zaɓi wanda bai gama nuna ba, a jera shi a kwando marar zurfi ko kwandon roba, a ɗora shi a saman kaya. Albasa a zuba ta a buhun da iska ke ratsawa. A nesanta abinci da kalanzir, fetur, takin zamani da maganin feshi. Bayan an sauka, tukunyar ƙasa a cikin wata tukunyar, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, na ƙara wa kayan lambu kwanaki. Malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu kyautar Rolex a 2000 saboda yaɗa wannan dabara.

Inda dabara ke ƙarewa

Duk waɗannan matakai lokaci suke buƙata, shi kuwa mai gudun tsira ba shi da shi. Shanya tumatir na cin kwanaki na rana mai ƙarfi, kuma da damina abin kan gagara. Fataken kayan gwari sun fi son tafiyar dare saboda sanyi, amma a hanyoyin da ke haɗa ƙauyuka da babban titin Gusau zuwa Sakkwato, dare ne lokacin da aka fi tsoro. Dole ta sa ana tafiya da tsakar rana, galibi a kan babur, wanda ba zai ɗauki mace da yara da kwando lokaci guda ba. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, har sawu na biyu ya fi ƙarfin talaka.

Matakan gwamnati ma na shafar wannan lissafi. A 2021, shekarar da aka sace ɗalibai a Jangebe, da Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, da kuma Kaya ta Maradun, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta taƙaita sayar da fetur, aka kuma katse layukan waya a watan Satumba. Manufar ita ce toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya. Amma rufe kasuwa na nufin mai shirin tashi ba shi da inda zai sayar da kayan lambunsa ya riƙe kuɗi.

Sakamakon na bayyana a jikin yara. Hatsi, wanda shi ne tallafin da aka fi rabawa, yana cika ciki, amma ba ya maye gurbin nono, ganye da nama. Ƙungiyar likitoci ta MSF na cikin masu jinyar yaran da tamowa ta kama a Talata Mafara.

Wa ya kamata a tambaya?

Gwamnoni uku sun fito daga waɗannan ƙananan hukumomi: Ahmed Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, da Matawalle daga Maradun. Jimillar mulkinsu shekara 20 ce tsakanin 1999 da 2023. Don haka ba za a ce yankin bai da murya a Gusau ba.

Tambayoyin da matasa za su yi wa gwamnatin Dauda Lawal da shugabannin ƙananan hukumomin a fili suke. Nawa aka ware a kasafin kuɗi don ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana da wuraren shanya a kasuwannin yankin? Akwai tsarin rakiyar jami'an tsaro ga manoman da ke son komawa su kwashe amfanin gonarsu? Kuma idan za a sake rufe kasuwa saboda tsaro, wane tanadi aka yi wa mai tumatir ɗin da ba zai kai mako ba?