Ƙusa da Kaska: Masu Tsayar da Zuciyar Saniya

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, idan sa ya faɗi ya mutu ba zato, ko ya yi mako biyu yana ramewa ƙirjinsa na kumbura, tambayar farko ita ce wa ya yi wannan aiki. Wani ya ce guba aka zuba masa, wani ya ce kambun baka ne, tun ranar da maƙwabci ya yaba ƙibarsa. Ka ce ciwon zuciya ne, sai a kwashe da dariya: saniya hawan jini gare ta, ko bashi ake bin ta? Mutane sun ɗauka zuciya ba ta lalacewa sai ta hanyar da ta ɗan Adam ke lalacewa, wato kitse da gishiri da damuwa. Alhali ciwon zuciyar dabbar gida galibi daga waje yake shigowa, ta baki ko ta fata, don haka ana iya tare shi. A yankin da zargi tsakanin manomi da makiyayi kan kai ga zubar da jini, bai kamata a bar wannan kuskure ya zauna ba.

Mu fara da ƙusa. Akuya da tunkiya da leɓe suke tsintar abinci, shi ya sa ba kasafai suke haɗiye ƙarfe ba. Saniya kuwa da harshe take naɗo ciyawa, ta haɗiye ba tare da tauna sosai ba, sai daga baya ta yi tuƙa. Duk ƙusa ko guntun waya ko allurar da ta shiga cikin dusa ko harawa, can take zarcewa ɓangaren tumbin nan mai ramuka-ramuka da kowane mahauci ya sani. Tsakanin wannan ɓangare da jakar da ke lulluɓe da zuciya babu komai sai tantanin da ya raba ciki da ƙirji, tazarar ba ta wuce 'yan santimita ba. Tumbi kuwa ba ya daina motsi. A hankali ƙarfen zai huda, ya ratsa tantanin, ya kai ƙazantar ciki cikin jakar, musamman idan saniya na da tsohon ciki ko tana naƙuda. Daga nan ruwa da mugunya su taru su danne zuciyar, kamar zugazugin maƙeri da aka ɗora wa dutse: yana motsi, amma ba ya buɗewa ya cika. Jinin da ya kamata ya koma zuciya sai ya tsaya a hanya. Shi ne za ka ga jijiyoyin wuya sun yi tsaye ɓaro-ɓaro, ƙasan haɓa da ƙirji sun kumbura, dabba ta gantsare baya sama, ta ware gwiwoyin gaba, tana nishi, tana ƙin gangara.

Za a ce iyayenmu sun yi kiwo shekara da shekaru ba su san wannan ba. Gaskiya ne, amma a ina suka yi kiwon? A dajin Rugu da fadamun da babu waya babu leda. Satar shanu ta kori dabbobi daga daji, mai sa biyu na huɗa ya ɗaure su a cikin gida, garken da ya tsira ya koma gefen gari yana kiwo a juji, inda aka ƙona taya aka bar wayarta, inda kafinta da mai walda ke zubar da shararsu. A ƙarshen watan Agustan 2021, gwamnatin jihar Katsina ƙarƙashin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Dalilin tsaro ne, kuma ana iya kare shi, amma dabbar da aka tsare a gari wata da watanni abincin gari take ci, kuma ban ga an ba wannan ɓangare kulawar da ta kamata ba.

Ta biyu kaska ce, mai zane-zane a baya, wadda ke yawaita da damina. Tana ɗauke da ƙwayar cutar da masana ke kira Ehrlichia ruminantium, wadda aka gano a Afirka ta Kudu a 1925. Ƙwayar tana lalata bangon ƙananan hanyoyin jini, ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin jakar zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa. Dabba ta yi zazzaɓi mai zafi, ta riƙa ɗaga ƙafa sama-sama, tana zagaye wuri guda, ta faɗi tana shure-shure. Wanda ya ga haka ba wuya ya ce iska ce ta buge ta. Tumaki da awaki sun fi jin jiki, haka ma shanun waje da 'ya'yan barbararsu, abin da ya kamata masu shirin raba shanun madara su riƙe a rai. Allurar oxytetracycline na aiki idan an yi ta tun a zazzaɓin farko. Idan an kai ga shure-shure, yawanci an makara.

Ba na musun cewa guba na kashe dabba. Takin zamani da maganin feshi suna kashewa, kuma mugaye ba su ƙare ba. Amma zargi na bukatar shaida, shaidar kuwa tana cikin ƙirjin dabbar. Ƙusa ba kasafai take ɓuya ba: sau da yawa ana samunta a tsaye cikin naman, jakar zuciya cike da ruwa mai wari. Sai dai a kula, mushen da jini baƙi ke fita ta hancinsa da duburarsa ba a feɗe shi, don yana iya zama ciwon saifa, wanda ya ɓulla a Suleja a watan Yulin 2023, kuma yana kama mutum. Wannan ya sa dubawar aikin malamin dabbobi ce, shi kuwa ya yi ƙaranci a ƙauyukan da hanyarsu ba ta biyuwa.

Rigakafin ƙusa bai kai kuɗin buhun dusa ba. Akwai ɗan maganaɗisu mai tsawon yatsa da ake ɗura wa saniya sau ɗaya, ya zauna a tumbi tsawon rayuwarta yana kama ƙarfe kafin ya huda. Manoman Turai da Amurka sun daɗe da shi. Muna da tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da cibiyar bincike a Shika, ga ma'aikatar kiwo ta tarayya da aka kafa a 2024. Ya kamata wannan maganaɗisu ya isa kasuwar Sheme ta Faskari, a same shi a teburin mai sayar da maganin tsutsa, tare da wanda zai nuna wa mai sa yadda ake ɗura shi.