Babu Biza Tsakaninmu Da Nijar: Gargaɗi Ga Mutanen Kura Kafin Kayan Rani Su Fito

Duk wanda ya tare ka a iyakar Jibiya, ko Maigatari, ko Kwangwalam, ya ce sai ka kawo "kuɗin biza" kafin ka taka ƙasar Nijar, cutarka yake son yi. Ina so wannan magana ta shiga kunnen kowane falke, kowane direba da yaron motarsa, da kowane matashin da ke shirin ɗaura jaka daga Kura, Bunkure, Kadawa ko Garun Malam, tun kafin tumatir da albasa su fara cika Kwanar Gafan, motoci su fara jerin gwano zuwa arewa.

Ga yadda dokar take. A shekarar 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa a cikinsu damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, muddin yana riƙe da takardar tafiya mai inganci da katin rigakafi. A kan haka iyayenmu suka yi ta kai da komo Maraɗi da Damagaram. Gaskiya ne Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, ta fice daga ECOWAS, kuma ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Amma tun a Disambar 2024 shugabannin ƙasashen uku suka sanar cewa 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga musu ba biza. Ita ma ECOWAS, a ranar da suka fita, ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanensu, a bar su su wuce ba biza har sai an ji wata sanarwa. Ɓangarorin biyu ke nan, kowa ya faɗa da bakinsa.

To, daga ina "kuɗin biza" ya fito? Daga ruɗani. Shekarun nan iyakar ta sha rufewa da buɗewa har talaka ya daina gane wace doka ce ke aiki. An rufe a Agustan 2019, aka buɗe Maigatari da Illela a Disambar 2020, Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023, aka buɗe a Maris ɗin 2024. A Janairun 2025 Nijar ta fito da doka mai tsauri kan shigowa da zaman baƙi. Wata guda bayan haka jaridun Najeriya suka ruwaito cewa ana mayar da 'yan kasuwar da suka je da takardar tafiya ta ECOWAS, ana cewa sai cikakken fasfo, wasu kuma na miƙa sefa a bar su su wuce. Mutumin da bai san haƙƙinsa ba, ga rana, ga mota cike da fasinja suna jiransa, in aka ce masa "doka ta canza, yanzu sai da biza", ba zai yi musu ba. Zai laluba aljihu.

Ku riƙe wannan da kyau: biza ba a sayar da ita a gindin bishiya, ba a sayar da ita ta tagar mota. Nijar tana da ƙaramin ofishin jakadanci a cikin birnin Kano. Ranar da aka ɗora wa 'yan Najeriya biza, can za a je, za a ji sanarwa a rediyo, za a liƙa farashi, a buga hatimi a fasfo, a ba da rasit. Abin da aka karɓa a bakin shinge aka soke a aljihun wando, ba takarda ba hatimi, sunansa cin hanci, ko da wane suna aka raɗa masa.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha ji a tasha da wurin lodi. "Ai na goro ne, nawa yake?" "Haka hanya take." "Ka ba su ka huta." Waɗannan kalmomi su ne suka fi damuna, fiye da shi kansa mai karɓar. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka sun yi bincike a faɗin Najeriya, suka fitar da shi a 2024. Sun ƙiyasta cewa a shekarar 2023 kaɗai an miƙa cin hanci kimanin sau miliyan 87, kuma tsabar kuɗin da ya shiga hannun ma'aikatan gwamnati ta wannan hanya ya kai kusan naira biliyan 721. Ba daga manyan kwangiloli wannan dukiya ta taru ba. Daga 'yan dubbai ne, irin waɗanda muke kira na goro. Binciken ya kuma nuna mutumin karkara ya fi na birni yawan miƙawa. Mu ke nan.

Manomin Kura ya fi kowa sanin yadda wannan ɓarna take, domin yana ganin irinta a kanal. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ke gangarowa gonakinmu, kuma kowa ya san in wani ya huda gefen kanal a sama, na gaba ma ya huda, kowa na cewa tasa ƙarama ce, wanda gonarsa ke can ƙarshe shi zai wayi gari ruwa bai iso ba. A harkar hanya, manomi ne ke ƙarshen kanal.

Bari in warware. Falken da ya zo Kwanar Gafan sayen tumatir ko albasa ba ya taya kwando sai ya yi lissafin mai, da kuɗin mota, da na lodi, da abin da zai zubar a shingaye tun daga Kano har inda zai sauke. Wannan na ƙarshe ba daga ribarsa yake cirewa ba. Daga farashin da zai ba manomi yake cirewa. A ce kowane shinge ya ƙara 'yar naira dubu a bana, shingayen kuma ba ɗaya ba ne ba biyu ba, a ƙarshe kwandonka ne zai faɗi, kai da ka ci bashin taki, ka sayi man injin ban-ruwa da tsada, ka kwana a gona kana fama da tsutsa. Ba ka taɓa ganin iyaka ba, amma kai ka biya. Can ƙetare kuma matar da ta zo cefane a kasuwar Maraɗi ta sake biya.

Akwai kuma abin da ya sa mu masu kayan gwari muka fi kowa shiga hannu. Mai buhun gero zai iya kashe mota ya ce ba zai bayar ba, ya kwana biyu, geronsa na nan. Mai tumatir ba shi da wannan ƙarfin. Awa kaɗan a rana, ruwa ya fara tsiyaya ta ƙasan mota. Wanda ya tsare shi ya san haka sarai. Ba ya buƙatar ya yi barazana, ya karɓi takardu kawai ya koma inuwa ya zauna. Shi ya sa nake cewa shirin da za ka yi, a gida za ka yi shi, ba a bakin shinge ba. A can lokaci ba naka ba ne.

Shirin farko takarda ce. Wanda zai riƙa ƙetarawa ya nemi fasfo, duk da na san ya yi tsada: tun daga 1 ga Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara biyar naira dubu 100 ne, mai shafi 64 na shekara goma dubu 200. Ta intanet ake biya, kai tsaye ga hukumar shige da fice, kuma dole kai da kanka za ka je a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Nan ma akwai masu jira. Dillalan da ke yawo ƙauyuka suna cewa "kawo dubu kaza in fito maka da shi a mako guda, har da biza", su ne farkon shingen, tun ba ka bar gida ba. In ba ka iya cike takardar ba, yaronka ko ƙaninka mai waya zai iya. In ma shagon kwamfuta ka je, ka biya ladan aikinsa daban, ka karɓi shaidar biyan kuɗin gwamnati a hannunka, ka ga adadin da idonka. Haka katin rigakafin shawara: a yi allurar da gaske, a karɓi katin gaske. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka wanda ya ce naka ya ƙare aiki bayan shekara goma, sai ka biya tara, ba gaskiya ya faɗa ba. Katin jabu kuwa, ban da cewa yana ba mai shinge hujja a kanka, cutar ma ba ya hana ta kama ka.

Dole in faɗa wa 'yan'uwana wata magana mai ɗaci. Ba kowane mai kuka da shinge ne aka zalunta ba. Dokar Najeriya ta hana fitar da shinkafa, masara da wake, kuma a farkon 2024 kowa ya ga yadda aka riƙa tsare motocin hatsi a hanyoyin iyaka. Nijar ita ma a Oktoban 2024 ta hana fitar da hatsinta zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso. Kura gari ne na shinkafa, injinan casa ba sa hutawa, kuma kwaɗayin sefa na da ƙarfi. Amma wanda ya shimfiɗa buhunan shinkafa a ƙasa ya rufe da albasa, ya sayar da bakinsa tun daga wurin lodi. Duk abin da aka yanka masa zai biya, yana godiya. Mafi muni, shi ne ke koya wa mai shinge cewa kowace motar Kano tana da abin ɓoyewa, sai mai gaskiyar da ya zo bayansa ya tarar an riga an tsayar da farashi. Ɓarauniyar hanya ma ba mafita ba ce. Dazuzzukan da ke kewaye da Jibiya kowa ya san halin da suke ciki da 'yan bindiga. Gudun 'yar naira dubu biyar bai kai a jefa rai da dukiya a hannun masu garkuwa ba.

Kada kuma mu ɗauka zaluncin daga can ƙetare kawai yake. Kowane rani 'yan'uwanmu na Nijar suna gangarowa cin rani, su ne ke taya mu dashe, cire ciyawa da tsinkar tumatir. Ku zauna da su ku ji abin da suke tararwa a shingayen ɓangarenmu, musamman ranar komawa gida, lokacin da aka san aljihunsu na da ɗan abin da suka tara. Su ma babu biza a kansu. Wanda ya yi maka aiki wata uku a cikin laka, haƙƙinsa ne ka gaya masa haka, ka ba shi lambar wayarka ko ta mai unguwa. In aka ci gaba da tatsar su za su daina zuwa, kuma mun san yadda ƙwadago ke tsada in hannu ya yi ƙaranci.

In an tsayar da kai, ga abin da nake ba da shawara. Kada ka ɗaga murya, kada ka yi zagi, kada ka ɗaga waya kana ɗaukar mutum mai bindiga. Yi sallama, miƙa takardunka, in aka ambaci kuɗi ka tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, na mene ne? Za a ba ni rasit?" Akwai kuɗaɗen da doka ta sani, kamar harajin kaya na kwastan ko na duwan a ɓangaren Nijar, kuma duk suna da takarda. A biya su, a adana takardar. Wanda ba shi da takarda, ka nemi ganin babba. Sau da yawa wannan tambayar kaɗai ta isa, musamman in fasinjan motar duka bakinsu ɗaya. Abin da ke karya mu shi ne mutum guda ya tsaya, sauran su ce "Malam, ka ba su mana, kana ɓata mana lokaci." In kuwa an fi ƙarfinka, kaya na lalacewa ko kana tsoron lafiyarka, ba zan ce ka kashe kanka ba. Malamai sun bambanta wanda aka tilasta don ya karɓi haƙƙinsa da wanda ya bayar don ya ci na wani. Amma ka riƙe wurin, da ranar, da lokacin, da adadin, ka kawo gida. Kuma a sani, a dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta shekarar 2000 mai bayarwa da mai karɓa duka masu laifi ne, hukuncin ya kai ɗaurin shekara bakwai. A addini ma tsinuwar ba ta tsaya kan mai karɓa shi kaɗai ba.

Koken mutum ɗaya ba ya zuwa ko'ina, na ƙungiya yana zuwa. Muna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a kowane sashe na aikin noman ranin nan, muna da ta masu tumatir, ta masu albasa, ta direbobi. Waɗannan sun iya tara kuɗin yashe kanal, sun iya zuwa hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are kan rabon ruwa. Su buɗe littafi guda a wurin lodi, duk motar da ta dawo a rubuta inda aka tsare ta da abin da aka karɓa. Bayan wata ɗaya a ɗauki littafin a kai wa hakimi, a kai wa ɗan majalisar da muka zaɓa, a kai ofishin ICPC da shugabannin kwastan da na shige da fice a Kano, a karanta shi a gidan rediyo. Shugaban da aka kawo wa jita-jita zai iya kau da kai. Wanda aka kawo wa rana da wuri da adadi, da sa hannun mutum hamsin, sai ya ce wani abu.

Lokacin yin wannan yanzu ne, domin abin da aka karɓa bana ba a yi magana ba, baɗi ya zama farashi, kuma yaran da ke bin mota yau za su taso suna ɗauka cewa haka doka take. Ina roƙon limamanmu na Kura, Bunkure da Garun Malam su faɗe shi a huɗubar Juma'a, dagatai da masu unguwanni su sa a yi shela, shugabannin tasha su gaya wa kowane direba kafin ya tayar da mota: babu biza tsakaninmu da Nijar, kuma kuɗin da ba shi da rasit kada a miƙa shi da sunan doka.